Katin gidan waya na bugun hannu: shawarwarin masu yi

Masu buga kati da haruffan dalma ko na katako sun fi nanata batun takarda. A samu mai kauri, ta auduga in da hali, don harafi ya nutse har yatsa ya ji gurbinsa. Zurfin matsin ne ba su yarda da juna a kai ba. Wasu na son shi sosai, wasu kuwa suka ce yana ɓullowa ta baya, inda ake rubuta adireshi, yana kuma cinye tsofaffin haruffa. Ni dai ina tare da na biyun.

Tawada kaɗan ta isa. In ta yi yawa, cikin "o" sai ya toshe. Haruffa a juye ake jera su, don haka a fara gwadawa a tarkacen takarda.

Girman A6, milimita 105 da 148, ba ya ba da matsala. Injin tantance wasiƙu kan kankare fuskar kati, shi ya sa wasu ke sa ambulan. Masu bin al'adar aika ayyukan zane ta gidan waya da mai zane Ray Johnson ya yaɗa daga New York a shekarun 1960 kuwa sun fi son kati ya tafi haka nan, kan sarki da tambarin gidan waya su shiga cikin adon.