Monita biyu, girman hoto daban, wasa na ba ni wahala

Sabon_Shiga: Salam 'yan uwa, na haɗa babbar monita 1440p (girman hoto ke nan) mai 144Hz (tana sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa) da tsohuwata ƙarama 1080p a kwamfuta ɗaya, amma in na ja maus zuwa ƙaramar sai ya maƙale a gefe, kuma wasa wani lokacin a ƙaramar yake buɗewa, don Allah ya zan yi?

Mai_Gyara: Wa alaikumus salam. Shiga Display settings na Windows ka ja hotunan monitocin su daidaita yadda suke a teburinka, maƙalewar daga nan take. Sannan ka danna babbar ka zaɓi Make this my main display, wasan can zai riƙa buɗewa.

Dan_Dare: Malam duba wayar da ta haɗa monita da kwamfuta ma, sa irin ta DisplayPort a babbar don tsohuwar HDMI ba ta kai 144Hz a 1440p, kuma sai ka shiga Advanced display ka zaɓi 144 da hannunka.