Wai in atom fanko ne, me ya sa hannuna ba ya ratsa benci?

Ɗan SS1, Kawo:
Salam 'yan'uwa, dan Allah a taimaka min. Yau a ajin kemistiri aka ce mana komai da atom aka yi shi, dutse, ruwa, iska har mu kanmu, sannan kuma wai kusan duk cikin atom ɗin fanko ne. To ni fa na buga hannu a benci na ji zafi, ina fankon yake? Kuma a tebur ɗin sinadarai na ga nauyin kilorin 35.5, ya za a yi a samu rabin furoton? Na so in tambaya sai aka kaɗa ƙararrawa.

Malamin kimiyya, Tudun Wada:
Wa alaikassalam ɗana, tambayarka ta yi kyau. Maganar fankon nan gwaji ne ya nuna ta. A 1909 a Manchesta ta Ingila, Geiger da Marsden, masu aiki ƙarƙashin Rutherford, suka riƙa harba ƙwayoyin alfa, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu gudu sosai, kan zinare da aka daka ya yi siriri fiye da takarda, kusan duka suka wuce abinsu kamar ba komai a gabansu, sai 'yan ƙalilan ne suka karkace, wasu ma suka dawo baya. Daga nan Rutherford ya fito a 1911 ya ce ashe kusan duk nauyin atom ya taru ne a wata 'yar cibiya a tsakiya. Ka ɗauka atom ya kai girman filin wasa na Ahmadu Bello, to cibiyar ba za ta wuce ƙwayar wake a tsakar fili ba, a nan ƙananan ƙwayoyin da ake kira furoton da niyutiron suke, ƙwayoyin ilektiron kuma suna can kewaye. Furoton ɗaya ya ninka ilektiron nauyi wajen sau 1836.
Zafin da ka ji kuwa, ilektiron ɗin hannunka da na benci cajinsu iri ɗaya ne, ba sa yarda su shiga wurin juna, kowa na ture kowa. Ka taɓa haɗa maganaɗisu biyu ta fuska ɗaya? Kusan haka ne.

'Yar Poli:
Ƙanena bari in amsa maka ta kilorin tunda Malam ya tsallake ta lol. Babu rabin furoton, kilorin ko'ina furoton 17 gare shi, in ya canza to ya tashi daga kilorin. Nauyin shi ne furoton a haɗa da niyutiron, kuma niyutiron ne ke bambanta, wani na da 18 nauyinsa 35, wani 20 nauyinsa 37, su ake kira aisotof. A cikin kowane huɗu kusan uku na 35 ne, ɗaya na 37. Yi lissafi, 35 sau 3 ka ƙara 37 ya ba ka 142, raba huɗu. Ni ma sai da na faɗi wannan a tes kafin ta zauna min, haddacewa kawai nake ban san daga inda lambar ta fito ba.

Ɗan SS1, Kawo:
Kai! 35.5 cif wallahi. Na gode Anti, Malam Allah ya ƙara basira. Amma kenan ban taɓa taɓa bencin ba ke nan da gaske?

Mai walda, Kakuri:
Zo shagona ka ɗauki ƙarfen da na sauke yanzu, sai ka faɗa mana ko ka taɓa ko ba ka taɓa ba.