Bayan arba'in, yaya za mu raba dare da maigida kowa ya samu barci?

Maman Khalil:
Assalamu alaikum. An gama wankan jego, gwaggon da ta zo taya ni zama ta koma gida. Ga jaririya 'yar mako bakwai, ga yayanta ɗan shekara uku. Maigida yana fita da bakwai na safe, sai bayan magariba yake dawowa. Yana son taimakawa amma bai san ta inda zai kama ba. Yaya za mu tsara ba tare da an tauye kowa ba?

Anti Ungozoma:
Wa alaikumus salam, Allah ya raya. 'Yar uwa, kada ku fara da lissafin wa ya fi wahala, daga nan rigima take tashi. Barcin da ba a katse ba shi za ku lissafa. Jariri a wannan lokaci yana neman nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, don haka ba za ki samu awa 7 a jere ba. Ki nemi awa 4 cur.

Bayan isha'i, wajen ƙarfe tara, ki ba ta nono ta ƙoshi, ki miƙa wa babanta, ki shiga wani ɗaki ki ja ƙofa. In kina jin kukanta ba za ki runtsa ba. Daga tara zuwa ɗaya nasa ne: canza kunzugu, sa ta gyatsa a kafaɗa, rarrashi. In ta nemi nono ya ba ta wanda kika tatsa, da ƙaramin kofi mai tsabta, a hankali, tana ɗan zaune a hannunsa. Ban da ruwa har ta cika wata 6, zuma kuwa sai ta shekara. Daga ɗaya zuwa asuba ke ce da ita.

Nonon da aka tatsa awa 4 yake yi a ɗaki, lokacin zafin Maris da Afrilu ma kada a kai hakan. A firji yana kwana 4, amma in ana yawan ɗauke wuta ki tatsa na daren kawai. A tsoma kofin cikin ruwan ɗumi, ba a ɗora shi kan wuta. Kuma kada ki wuce awa 4 zuwa 5 ba ki shayar ko tatsa ba, don nono zai cika ya yi tauri, yana iya jawo zazzaɓi, ruwan kuma ya ragu.

Baban Amira:
Tsarin Anti ya yi, sai dai a duba sana'ar maigidan. Direban mota ko mai Keke Napep bai kamata ya kai ƙarfe ɗaya ido biyu ba, rayukan mutane ne a hannunsa. Irinsa ya kwanta da wuri, ya karɓi yara daga dawowa masallaci da asuba har ya fita: wankan babban, karin kumallonsa, riƙe jaririya, uwar ta koma barci. Ranar da ba ya aiki kuma ya fita da yaron awa uku, kuma awannin nan na hutunta ne, ba na wanki ba. Shi ma a ware masa nasa lokacin majalisa, a san ranar da ƙarfen dawowa.

'Yan uwa maza, babu abin kunya. Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) yana taya iyalinsa aikin gida. Abu ɗaya: kada barci ya kwashe ka a kan kujera da jaririya a ƙirji, tana iya zamewa numfashinta ya toshe. Ka kwantar da ita rigingine a shimfiɗarta, cikin gidan sauro, ba filo.

Hajiya Nas:
Maman Khalil, ku sake zama duk mako biyu ku gyara tsarin, don barcin jariri yana sauyawa. In kuma kin samu barcin amma har yanzu kina yawan kuka, ba kya jin daɗin komai, ko kina jin tsoron riƙe ta, abin ya wuce mako biyu, wannan ba gajiya ba ce kawai. Ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya ranar rigakafin mako 10, ko ki je kafin nan, kuma maigida ya raka ki.