Da na kunna VPN sai firintata ta ɓace, a taimaka min

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka, kaina ya kulle. Tun da na haihu aka bar ni ina aikin lissafin kamfaninmu daga gida a nan Kano, ofishin kuwa yana Abuja. Firintar nan da kuɗina na saye ta a kasuwar Bairut ta nan Kano, sai da na yi adashen wata huɗu, har Baban Ilham yana cewa ɓarnar kuɗi ce tunda ga mai buga takardu a bakin layi. To da zarar na kunna VPN ɗin ofis, wato manhajar da ke haɗa kwamfutata da na'urorin ofis ta intanet, sai kwamfuta ta ce ba ta ga firinta ba, in na kashe ta dawo. Gobe ƙarfe tara ake jiran takardun albashi da sa hannuna.

Injiniya Bash: Wa alaikumus salam. Ba ki faɗi wane VPN ba ne, amma na san ciwon. An saita shi ya kwashe komai ya bi ta ofis, har saƙon da za shi firintar da ke gabanki. In Cisco AnyConnect ne, shiga Preferences, ki sa alama a akwatin "Allow local LAN access", wato a bar kwamfuta ta ga na'urorin cikin gida, ki katse ki sake haɗawa. Magana ta ƙare.

Maman Ilham: Shi ne, kuma na sa tun jiya. Shiru.

Abu Sadiƙ: Hajiya, wannan akwatin ba ya aiki sai mai kula da na'urorin ofishinku ya buɗe daga can. Ki kira shi kawai.

Injiniya Bash: Ba sai ta kira kowa ba. Adireshi ne ya yi karo. In adireshin na'urorin gidanki 192.168.1.0 ne, na ofis ma haka, kwamfuta can Abuja za ta je neman firinta. Mayar da adireshin rawutarki, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gidan, 192.168.50.1. In ya ƙi, mu ƙara wa kwamfuta hanyar zuwa firinta da umarnin route add. Shekara goma ina wannan aikin.

Abu Sadiƙ: Ranka ya daɗe, AnyConnect yana sa ido a kan teburin hanyoyi, wato jerin hanyoyin da kwamfuta ke tura saƙo, kana ƙarawa yana gogewa. Kuma ko lambar rawutarta ba mu gani ba.

Anti Bilki: Hmm, masu kula da kwamfutocin ofis! Namu sati uku ina bin sa kan lambar sirri, ƙarshe ya ce wai ni ce ban iya ba. Allah dai ya isa.

Ɗan Zinder: Yaya, saka mata wayar USB mana. VPN ba ruwansa da ita.

Maman Ilham: Da waya nake so ai da ban ƙara kuɗi na sayi mara waya ba. Tana falo, ni ina ɗaki saboda jaririya. Rawuta kuma ba zan taɓa ba, kyamarorin gidan duk a kanta suke. Shi kuwa mai kula da na'urorin ofis, wancan karon da na kira shi sai da maganar ta kai kunnen oga.

Injiniya Bash: To buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ki rubuta ipconfig, zai nuna adireshin, ki turo min hoton.

Maman Ilham: An ɗauke wuta, rawutar ta mutu. Bari a kawo.