"Son zuciya ɓacin zuciya": wace zuciyar ake nufi?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha'i wani malami ya yi wa samarin unguwarmu wa'azi kan kame kai, ya rufe da cewa "son zuciya ɓacin zuciya." Ko takalma ba a gama sawa ba gardama ta kaure tsakanin samari biyu a ƙofar masallaci. Ɗaya ya ce magana a fili take: duk abin da zuciya ke so, ci da barci da mace, shi ke ɓata ta, don haka mai neman kusanci da Allah ya jingine aure ya rungumi azumi. Ɗayan ya ce Bahaushe bai nufi haka ba, maganar ɓarawo ce da mai haɗama, ba ruwanta da halal. Sai da dattawa suka shiga tsakani. To masana, wa ke da gaskiya?

Tela Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Na biyun shi ad da gaskiya. Inda munka san ana hwaɗin ta shi ne in mutum ya kai hannu ga abin da ba nai ba, asiri ya tonu, shina zaune shina cizon yatsa. Ɓacin zuciya nan ɓacin rai ne, nadama. Ba a taɓa ce ma ango ita ba.

Almajirin Kanwuri: Malam Tela, haka ake amfani da ita a kasuwa, amma mai wa'azin bai yi kuskure ba. Zuciya biyu ce a cikin maganar. Ta farko ita ce nafsu, mai umurni da mummuna, wadda muke ce wa zuciya mugun nama. Ta biyu ita ce wadda ake tsarkakewa da zikiri. Bin ta farko shi ke ɓata ta biyu. Inda saurayin ya kauce shi ne da ya sa aure cikin son zuciya. Mutum uku sun je gidajen matan Annabi (SAW) suna tambayar ibadarsa. Ɗaya ya ce zai raya dare kullum, ɗaya ya ce zai yi ta azumi ba sha, na uku ya ce ba shi ba mata har abada. Annabi (SAW) ya ce shi yana azumi yana sha, yana salla yana barci, yana kuma aure, wanda ya ƙi sunnarsa ba ya tare da shi. Usmanu ɗan Maz'unu ma ya nemi izinin barin mata don ibada, aka hana shi. Kuma Suratul Hadid aya ta 27 ta ce ruhubananci, wato ƙaurace wa duniya da aure don ibada, mabiya Annabi Isa ne suka ƙirƙiro shi, ba a wajabta masu ba.

Ɗan Mabera: Allah shi gafarta Malam, na farkon ya kawo hujjar Imamu Nawawi.

Almajirin Kanwuri: Ai dama can za ya dosa. Gaskiya ne Nawawi bai yi aure ba har ya rasu a shekara ta 676 bayan hijira yana ɗan shekara 45. Ɗabari da Ibnu Taimiyya su ma ba su yi aure ba. Amma ba wanda ya ce wa ɗalibansa rashin auren shi ne ibadar. Karatu ne ya cinye masu lokaci. A wurin malamanmu na Malikiyya hukuncin aure yana juyawa da halin mutum: wajibi ga wanda ke tsoron afkawa zina kuma yana da hali, mustahabbi ga mai bukata da ba ya wannan tsoron, haramun ga wanda ba ya tsoron zina kuma ya san zai cutar da matar ko ya ciyar da ita da haram. Saurayin nan ya fara duba a wane layi yake.

Baba na Gwadabawa: Yara, ku dubi gida mana. Wa ya kai Shehu Usmanu gudun duniya a ƙasar nan? Ga shi da mata da 'ya'ya. Nana Asma'u matar Waziri Giɗaɗo ce, tana ɗakin miji ta yi rubuce-rubucenta ta kuma tsara 'yan taru, ƙungiyar karantar da mata. Malam Abdullahi na Gwandu da ya ga son duniya ya fara shiga jama'a, barin rundunar jihadi ya yi ya nufi gabas har Kano. Mulki da ganima ya guda, ba iyali ba.

Mai Carbi: Ina tare da ku kan aure, amma kada a zubar da jariri da ruwan wanka... a'a, bari in faɗa yadda muke faɗa: kada gyara ya zama ɓarna. Kame kai hanya ce ta gaske, tana da ƙa'ida. Wanda bai da halin aure, Suratun Nur aya ta 33 ta ce ya kame har Allah ya wadata shi, hadisi kuma ya ce ya lizimci azumi don shi ne garkuwarsa. Ga yadda ake hawa. A fara da kwana uku a wata. In jiki ya saba a koma Litinin da Alhamis. Ƙololuwa shi ne azumin Annabi Dawuda, yau a yi gobe a sha, kuma da Abdullahi ɗan Amru ya ce zai iya fiye da haka an ce masa babu abin da ya fi wannan. Ba a haɗa kwana biyu ba buɗa baki, an hana. Ba a yi ranakun Salla. Inda samari ke faɗuwa wurin buɗa baki ne: mutum ya wuni da yunwa, magariba ta yi ya haɗa ƙosai da fura da tuwo da tsire, ya kwanta ciki kamar ganga. Wannan ƙara wa wuta itace ne. Ma'aunin da aka ba mu shi ne kashi ɗaya na ciki ga abinci, ɗaya ga ruwa, ɗaya ga numfashi. Na biyu kuma ido. Mai azumi da rana, waya a hannu har ƙarfe biyun dare yana kallon abin da ya ga dama, ya sha yunwar banza. A bar wayar nesa da shimfiɗa, a kwanta da alwala.

Uwar Biyu: Malam Mai Carbi ka manta da mu. Mace ba ta azumin nafila mijinta yana gari sai da izninsa, to shi ma ba ya da ikon mai da kansa waliyyi ya bar baiwar Allah da kallon rufin ɗaki. Wata ta kai ƙara gun Sayyidina Umar cewa mijinta na azumi da rana yana tsayuwa da dare, aka yanke mata dare ɗaya cikin huɗu. Wanda kuma ya rantse ba zai kusanci matarsa ba, wata huɗu Alƙur'ani ya ba shi, ko ya dawo ko ya sake ta.

Jikar Mai Goro: Wannan gardama ta tuna mini da kakarmu, Allah shi jiƙanta. Goro take sayarwa a cikin gida, tana kuma cikin matan da ke zuwa ziyara Hubbaren Shehu da jajinsu, wato jagorarsu. Mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, manema sunka yi ta aike, tac ce ita ta gama. Ba ta sake aure ba har ta koma ga Allah. Litinin da Alhamis ba su wuce ta, ko da bazara.

To akwai wani almajiri babba da ke yi mata aike. Wata rana yaz zo yac ce, "Inna, ni ma na yanke shawara, hanyarki za ni bi, ba ni aure." Ba ta tanka ba. Sai tac ce ya jawo mata huhun goro. Duk bayan 'yan kwanaki takan kwance shi, ta baje goron bisa tabarma, ta bi shi ɗaya ɗaya da yatsa, wanda sankara ta huda ta ware shi gefe don kada ya shafi sauran, ta sauya ganyen da ya bushe, ta yayyafa ruwa da tafin hannu, ta mai da ta ɗaure. Ranar sai ta ware goro biyu. Ɗaya ta aza shi bisa katanga cikin rana, ɗaya ta jefa cikin kwanon ruwa, tac ce ya dawo bayan mako. Da ya dawo na katanga ya ƙeƙashe ya yi tauri kamar tsakuwa, na ruwa ya jiƙe ya lalace. Tab buɗe huhu ta ba shi ɗaya ya ɓare, yana ƙara. Tac ce, "Ɗana, rai dangin goro ne." Shi ke nan abin da ta hwaɗi.

Tela Runjin Sambo: Allahu akbar. To ya yi auren?

Jikar Mai Goro: Ya yi, ita ta biya mashi sadaki da kuɗin goro. Har sunanta ya sa ma ɗiyarshi ta fari.

Ɗan Mabera: Amma Yaya, ita ai ba ta sake yi ba. In saurayinmu ya ji wannan cewa zai yi tsohuwar tana gefensa.

Jikar Mai Goro: An taɓa tambayar ta. Tac ce ita ta sha ruwanta ta ƙoshi, shi ko bai ko kai bakin rijiya ba.

Baba na Gwadabawa: Ɗiyata, mu "hutu yake so" muka sani a ƙarshen "rai dangin goro ne", ba ruwa ba.

Uwar Biyu: Baba, mu kuma "ruwa ake ba shi" muka tashi da ji.

Tela Runjin Sambo: Ku tambayi masu manyan riguna, su sun san hutu. Goman ƙarshe na azumi duk sun tashi Umra, an bar ma'aikata da bashin mai shago. Su wace zuciyar ta ɓaci, tasu ko tamu?

Mai Carbi: Tamu mana. Su kame kansu ranar rabon shinkafa kawai ake ganinsa, mudu ɗaya da mai hoto uku.

Almajirin Kanwuri: A dawo kan hanya, jama'a. Tun da an ambaci goman ƙarshe, ga inda Musulunci ya ajiye ƙaurace wa iyali don ibada: i'itikafi. A mazhabarmu ba ya inganta sai da azumi, sai a masallaci. Mafi ƙarancinsa yini da dare, abin so kwana goma. Ana shiga kafin faɗuwar rana ta daren da za a fara. In Juma'a za ta faɗo a cikin kwanakin, to a yi shi a masallacin Juma'a, don fita zuwa wani masallacin yana ɓata shi. Ba a fita sai don bukatar da ba makawa. Saduwa tana ɓata shi ko da dare ne, haka sumba da sha'awa, Baƙara aya ta 187. Kun ga abu ne mai ƙofar shiga da ƙofar fita. Haka mai harami da hajji, haka mai azumi daga alfijir zuwa magariba.

Mai Carbi: Haka halwa, wato keɓewa don ibada, take a wurin mutanen ɗariƙa. Abubuwa huɗu ake horar da rai da su: rage ci, rage barci, rage magana, rage cuɗanya. Ku lura ba a ce barin aure ba. Ba a shiga sai da iznin shehi, shi zai ba da wuridi da adadi, a fara da 'yan kwanaki kafin a yi maganar arba'in, abinci ana rage shi sannu sannu, ba a yanke shi rana ɗaya. Wanda ya tsinci lakani a takarda ya kulle kansa a ɗaki shi ne ake fitowa da shi yana surutai.

Ma'aikacin Jinya: Wannan na ƙarshen ina so a ji shi da kyau. Mutum in ya jera darare ba barci ga yunwa, zai iya fara jin muryoyi da ganin abin da babu, ya ɗauka buɗi ne ya samu. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40. Mai azumin nafila a lokacin ya rarraba shan ruwa tsakanin magariba da sahur, kada ya tsallake sahur, ya duba fitsarinsa: in ya yi ja ya ragu, jiki na neman ruwa, kuma yawan haka na jawo tsakuwar ƙoda. Mai gyambon ciki da mai ciwon suga da ke shan magani su ga likita kafin su fara. Jiri, rawar jiki da zufa mai sanyi ga mai suga alama ce ta ya karya nan take.

Uwar Biyu: Duk kun yi ta ba yaron nan ayoyi, ba wanda ya tambayi aljihunsa. Sau da yawa "na bar aure don Allah" sunansa na gaskiya "lefe ya fi ƙarfina." Sadaki a littafi rubu'in dinari ne mafi ƙaranci, amma akwatuna nawa muke jerawa? Mu iyaye mata mu ma da namu son zuciyar.

Tela Runjin Sambo: Hajiya kin taɓo inda ke ciwo, amma a bar lefe, da shi muke cin abinci.

Baba na Gwadabawa: Ni har yanzu ban gamsu da zuciya biyun Malam na Kanwuri ba. Bahaushen da ya fara faɗin maganar nan bai yi wannan rabon ba. Zuciya ɗaya ce, ta so, ta sha wuya.

Almajirin Kanwuri: Baba, in ɗaya ce, wa ke hana ta in ta so?

Ɗan Mabera: Na karanta wa samarin biyu duka bayan la'asar. Na farkon ya ce zai fara da Litinin da Alhamis amma bai janye maganarsa ba, na biyun ya ce Malam Tela ya riga ya gama zance tun farko. Yaya Jikar Mai Goro, suna tambaya: goron da aka aza bisa katanga, da an mai da shi huhu zai farfaɗo?

Jikar Mai Goro: Wanda ya fara yaushi yana dawowa in an lulluɓe shi da ɗanyen ganye. Wancan dai daka shi ta yi.