Zafin kejin kunkuru da mesa: yaya kuke yi a Kumasi?

Mai Kunkuru, Aboabo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata takwas ke nan ina kiwon ɗan kunkurun Sahel. Tun da Agusta ta kama, gari kullum a lumshe, ya daina cin abinci. Ganyen da yake wawura da safe yanzu sai ya shinshina ya koma lungu ya maƙe kai. Kowa cewa yake Gana ƙasar zafi ce, ba ya buƙatar komai. Wanda ya taɓa ganin haka ya taimaka mini.

Ɗan Asawase: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, haka nawa ya yi mini bara. Waɗannan dabbobi jikinsu ba ya haɗa ɗumi da kansa, daga waje suke samu, kuma in sun yi sanyi abinci ba ya narkewa a cikinsu. Naka ɗan Sahel ne, Kumasi kuwa kurmi ce, a Agusta ko da tsakar rana da ƙyar ake kai digiri 30. Na rataya ƙwan fitila a kusurwa ɗaya, ƙarƙashinsa 35, ɗaya gefen kamar 26, shi yake zaɓar inda zai kwanta. Kada ka sayi LED, haske ne kawai ba zafi, nemi halojin. Ma'aunin kuma a daidai tsayin bayansa za ka ajiye, ba a jikin bango ba.

Hajiyar Tafo: 'Ya'yana, ni zafi na fi tsoro. A watan Maris na ajiye hawainiyar jikana cikin akwatin gilashi a baranda, a inuwa, na tafi kasuwar Kejetia. Na manta inuwar safe ba ta kai azahar a wurin. Ina dawowa na taɓa gilashin, kamar murfin tukunya. Tana ƙasa, baki a buɗe, launinta ya koɗe fes. Na yayyafa ruwa, na kai ta ɗaki, ba ta kai la'asar ba. Yaron kwana biyu bai yi mini magana ba, kuma ban ga laifinsa ba. Daga sanyi dabba takan farfaɗo, amma cikin gilashi a rana ba ta da inda za ta gudu. Masu ɗakin kwano ba silin, ku ma ku auna da rana tsaka.

Mai Mesa, Sabon Zango: Allah Ya ba da haƙuri, Hajiya. Tawa ƙaramar mesa ce, mai dunƙulewa kamar ƙwallo, irin da ake fitarwa Turai da Amurka daga Gana, Togo da Benin. A daji cikin ramin ɓera ko suri take wuni, shi ya sa ɗumin ƙasa nake ba ta: 31 zuwa 32 a gefe ɗaya, 26 a ɗaya, kowane gefe da maɓoya. Kuskurena shi ne na jona shimfiɗar ɗumi kai tsaye ba tamostat, wato na'urar daidaita zafi. Ta kwanta a kai ba ta gusa ba, cikinta ya yi ja ya tashi, sai da ta yi saɓa biyu kafin ya warke. In dumso, wato ɗaukewar wuta, ya yi dare, kwalbar ruwan ɗumi nake naɗewa da tawul in jingina, kuma ba na ba ta ɓera ranar, don in ta ci ta yi sanyi amayar da shi take yi. Da hunturu kuma ƙwan fitila busar da keji yake, saɓa ta maƙale a ido, sai na sa babban kwanon ruwa.

Ɗan Asawase: Na manta, Mai Kunkuru: hasken da ke ƙarfafa ƙashi da bayansa ba ya ratsa gilashin taga. Duk ranar da hantsi ya fito ka kai shi tsakar gida, da inuwa kusa, kana tsaye.

Mai Kunkuru, Aboabo: Na gode, Allah Ya saka. Na sayi ma'auni jiya. Bayan asuba na auna inda yake kwana a kan siminti, 23. Na shimfiɗa katako da busasshiyar ciyawa, na rataya ƙwan. Ya yi kusan awa a ƙarƙashinsa, ƙafafu a miƙe, sannan ya taso ya ci ganyen zoɓo uku. Yaya Mai Mesa, da dare in kashe masa fitilar ko in bar ta?