Wa Ya Taɓa Kai Motarsa Aka Yi Wa Ƙwaƙwalwarta Furogiram a Yamai?

Ɗan Adar

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma daga waɗanda abin ya faru da su da kansu. Ina da Hilux ta 2011 mai inji 2KD, gazuwal take sha. Da ita nake jigilar kayan shago tsakanin Yamai da Tawa sau biyu a wata. Tun bayan ƙaramar salla ta yi nauyi. In na ɗora kaya, tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni sai in ji kamar ana janye ta ta baya, ga baƙin hayaƙi in na taka, ga shan mai ya ƙaru.

Garaji uku na zaga ina tambayar kuɗin yi wa ƙwaƙwalwarta, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, furogiram. Na farko ya ce jika 40, wato sefa 40,000, cikin rabin awa zai buɗe mata wuta. Na biyu ya ce jika 90, har da toshe EGR, bawul ɗin da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji. Na uku ya ƙi faɗin kuɗin furogiram sam, wai sai ya sa mata balis, na'urar binciken matsalar mota, ya kuma fita da ita kan hanya, kuma dubawar kaɗai jika 10 ce ko an yi aiki ko ba a yi ba. To me ake saya a cikin kuɗin nan da har suka bambanta haka? Motar nan ita ce gonata, ba na son in kai ta inda za a kashe mini ita.

Direban Abalak

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin ka tambayi kuɗi, tambayi mai garajin abin da zai yi in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Ni a kaina ta faru, watan Afrilu, zafi na dukan kwano. Prado ce ta maigidana. Yaron ya jona kwamfutarsa a ramin nan da ke ƙarƙashin sitiyari, muna kallon layi yana cika a allo, ya wuce rabi. Ashe batirin kwamfutar tasa ya daɗe da mutuwa, da wutar soket take aiki. Wuta na ɗaukewa allo ya yi baƙi. Aka murza makulli, fitilun dashbod suka kama, inji ko tari bai yi ba.

Kwana 9 motar tana zaune a garajin. Bai ajiye fishiye na asali ba, wato kwafin abin da ke cikin ƙwaƙwalwar tun farko, don haka babu abin da za a mayar. Ƙarshe sai da muka nemo ƙwaƙwalwa ta hannu wajen masu tsofaffin kayan mota, aka sake ɗaura ta da makullan, don ƙwaƙwalwar da ba ta san makullinka ba ba za ta bar inji ya tashi ba. Abin da ya fita daga aljihun maigidana ya haura jika 300, a kan aikin jika 35. Ni kuwa na sha kunyar da har yau ban manta ba, domin ni na nuna masa wurin.

Maman Iman

Nawa ba ƙarin ƙarfi na je nema ba, fitilar inji ce ta dame ni. Corolla ce ƴar Amurka, da ita nake kai yara makaranta daga Lazare in wuce aiki. An sa balis, lamba ta fito P0420, suka ce katalizo ne, abin da ke tace hayaƙi a cikin bututun hayaƙi, ya gaji. Mai garajin ya ce: "Hajiya, ki bar ta nan, gobe da safe fitilar ba za ta ƙara damun ki ba." Haka kuwa aka yi, na biya jika 25 ina godiya.

Tun a hanyar gida na ji sautinta ya canja, ga wani wari mai hawa kai yana shigowa in mun tsaya a danja. Ƙaramar ƴata tana da asma, kwana biyu tana tari a bayan mota. Ƙanen mijina ya leƙa ƙarƙashinta, ya kira ni ya nuna mini sabon walda a jikin bututun hayaƙi. Sun yanka, sun kwashe abin da ke ciki, sun like, sannan suka hana ƙwaƙwalwar kunna fitila. Shi ya gaya mini akwai ƙarafa masu tsada a cikin katalizo, irin su filatinam da faladiyam, shi ya sa ake da masu bin garaji-garaji suna saye. Kenan na biya kuɗi kuma an ɗauke mini kaya. Da na koma sai mutumin ya ce ai dama ya lalace, ya zubar. Shawarata, Malam Ɗan Adar, kada ka bar mota ta kwana. Ka ɗauki kujera ka zauna, duk abin da aka cire a miƙo maka a hannu.

Mai Balis

Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, wannan zalunci ne, kuma irinsa ke ɓata mana suna. Ni sana'ata ce, shekara 7 ke nan, to bari in buɗe muku cikin kuɗin.

Abu uku ne mutane ke haɗawa su kira furogiram. Akwai karanta lamba da goge ta, wanda kowace balis ke yi. Ramin nan mai ƙofofi 16, OBD2, dole ne a motocin Amurka tun 1996, a Turai kuma tun 2001 ga masu esansi, 2004 ga masu gazuwal, shi ya sa kusan duk motar da aka sauke a Kwatano ko Lome tana da shi. Akwai saiti, kamar ɗaura sabon makulli ko shigar da lambobin sababbin injekta masu fesa mai cikin inji, wanda ke buƙatar balis mai ƙarfi irin Launch ko Autel, ko manhajar Toyota da ake kira Techstream. Sannan akwai na ukun, wanda Ɗan Adar yake tambaya: a kwafo abin da ke cikin ƙwaƙwalwar, a canja lissafin yawan mai da lokacin fesa shi da ƙarfin turbo, a mayar.

Na ukun nan shi ke cin kuɗi. Na'urar da nake karantawa da rubutawa da ita KESS ce ta kamfanin Alientech na Italiya. Bayan kuɗin saye, duk shekara sai na sabunta rajista, in ba haka ba sababbin motoci su wuce ni. Da Yuro ake biya, Yuro ɗaya kuwa sefa 656 ne in an cike. Kuma tawa irin wadda ake ɗaurewa da babban maigida ce: in na kwafo fishiye sai in tura masa ta intanet, shi ke da manhajar gyara irin WinOLS, ya gyara ya dawo mini da shi, kowane fishiye da kuɗinsa. Ban taɓa ɓoye wa mai mota wannan ba. Mafi yawanmu a garin nan ba mu muke rubuta lissafin ba, sayo shi muke yi. Bambancin shi ne wa ka saya wajensa, kuma fishiyen motarka aka gyara ko na wata.

Mai jika 40 ba lallai mugu ba ne, amma lissafinsa bai fita sai da na'ura ta jabu da tarin fishiye da aka kwaso kyauta. Zai duba ya ga an rubuta Hilux 2.5, ya ɗora. Alhali 2KD akwai mai doki 102, akwai mai 144, kuma turbonsu ba iri ɗaya ba ne. Ka zuba wa ƙaramin abincin babba, wata biyu zai yi yana tashi kamar ingarma, daga nan sai hayaƙi da zafi.

Ɗan Adar, wani abu a bayaninka ya tsaya mini. Ka ce da lafiyarta lau, bayan salla ta yi nauyi. Lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwa ba ya tsufa, yadda aka rubuta shi a 2011 haka yake yau. In mota ta canja, wani ƙarfe ne ko wata na'ura ta canja. A nemo shi tukuna.

Alhaji Na Tawa

Yaro Mai Balis ya hwaɗi gaskiya, Allah shi yi mai albarka. Ni tsoho na, Land Cruiser mai 1HZ nika tuƙi, babu ƙwaƙwalwa cikinta balle a yi mata hurogiram, hwamho na da sukurudireba. Amma ɗana ya kai tashi Hilux anka ƙara mata wuta nan Yamai. Cikin gari lahiya lau, har shina yi min dariya wai tawa jaka ta. Ran da munka ɗauko albasa daga Galmi da rana tsaka, ba mu kai Badagishiri ba allurar zahi ta hau. Munka tsaya, munka zuba ruwa, munka ƙara gaba, ta sake hawa. Juwan kilas, gasket na kan inji, ya ƙone.

Wanda ya rubuta lissahin nan can ƙasar sanyi yake zaune, bai san rana mai kai 45 ba, bai san ƙurar da ka toshe radiyata ba, bai san lodin da muka ɗorawa ba. Ɗan Adar, ɗana, kai da ka bin hanyar nan da kaya, tambayi mai aikin ko ya taɓa yi ma motar lodi, kuma shi nuna maka mai ita ka ji daga bakinai.

Abban Sultan

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma a bar ni in faɗi ɗaya ɓangaren, kada a ɗauka duk wanda ya yi ya yi nadama. Tawa Peugeot 508 ce mai gazuwal, daga Faransa ta zo da matatar hayaƙin nan da ake kira FAP. An yi ta ne don mai maras sulfa da doguwar tafiya, ni kuwa daga Yantala zuwa Filato nake yini. Duk sati biyu sai ta toshe, mota ta ƙi wuce gudun keke. Sau uku ana wanke ta. Ƙarshe aka cire, aka gyara lissafi, jika 110. Mutumin ya jona wa batir na'urar riƙe wuta kafin ya fara, ya tura mini fishiye na asali ta WhatsApp, ya kuma sa mini a kile USB. Shekara biyu ke nan ban koma ba.

Abin da ba zan ɓoye ba, tana hayaƙi fiye da da. In na taka a gaban masu kabu-kabu ina ganin yadda suke kau da fuska, kuma raina ba ya so. Da ina da halin sayen sabuwar matata da ita na sa.

Maman Iman

Abban Sultan, na gode da ka faɗi wannan da bakinka. Mu da ke da yara masu ciwon ƙirji mun san abin da hayaƙin nan yake yi.

Ɗan Taksi 7

Ni ƙaramin ɗan kasuwa ne, taksi biyu gare ni. Na sayi ɗan abin nan ELM327 da ake jonawa da waya, bai kai jika 10 ba. Ba ya furogiram, lamba kawai yake karantawa. Amma ya fisshe ni sau ɗaya: an ce mini ƙwaƙwalwa ta mutu, a kawo jika 80, na duba na ga P0171, iska ta fi mai yawa. Ashe robar iska ce ta tsage bayan filta. Jika 3 a Katako. Tun ranar ba na shiga garaji sai na san lambar da motata ke kuka da ita.

Kuma masu cewa furogiram na rage shan mai, ni dai a motocin esansi marasa turbo irin nawa ban ga wanda ya nuna mini a lita ba. Tun da aka sauke litar esansi zuwa 499 a watan Yulin 2024 nake rubuta abin da kowace ke sha a littafi, abin da ke motsa lissafin shi ne buji da filta da iskar taya da ƙafar direba.

Mai Balis

Haka ne, inji maras turbo abin da za a samu kaɗan ne, ni ma ba na karɓar kuɗin mutum a kansa. Ƙari ɗaya ga Ɗan Adar: ka ce a nuna maka gyaran da kowace injekta ke yi a allon balis inji na aiki, da ƙarfin mai a bututun rel mai raba wa injekta mai, wanda ƙwaƙwalwa ta nema da wanda ta samu. Wanda ya iya aiki zai juyo maka allon ya yi maka bayani. Wanda ya ce sirrin sana'a ne, ɗauki makullinka.

Ɗan Adar

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya Asabar na koma wajen na ukun na biya jika 10 ɗin. Ya sa yaronsa ya tuƙa, shi yana gefe da balis a cinya, ni ina baya, muka bi hanyar Doso har bayan filin jirgi. Duk lokacin da aka taka sosai sai ya nuna mini lambobi biyu, na sama yana hawa, na ƙasa ya kasa cim masa. Muka dawo ya kwance filtar gazuwal, ya zazzage ta a cikin kwano, ruwa da laka ja suka kwanta a ƙasa. Nan na tuna jarka biyu da na saya a bakin hanya lokacin ƙarancin mai. Ya ciro wani ɗan bawul a jikin famfo, SCV, ya ce yana maƙalewa. EGR kuwa da aka buɗe, baƙin gawayi ya cike ta har yatsa ba ya shiga, yaro ya yini yana kankarewa.

Filta, bawul, wanki da kuɗin hannu, jika 68. Ƙwaƙwalwa ba a taɓa ta ba. Na tambaye shi maganar ƙarin wuta, ya ce in je Tawa da lodi in dawo, in har lokacin ina so, ambiriyaj zai fara dubawa, kuma fishiyena na asali zai shiga wayata kafin ya rubuta komai. Talata da asuba zan tashi in sha Allahu, buhu 14 na shinkafa da katan-katan na mai. Baba Alhaji, in na wuce Badagishiri zan duba allurar zafi in gaya maka inda ta tsaya.